Asalin Kalmar Urdu: Yadda Sunan Fada Ya Koma Sunan Harshe

Tambayi ɗan makaranta a Lahor ko Karachi, a Pakistan, ma'anar kalmar Urdu, sunan harshen ƙasarsu, amsar tana bakinsa. Zai ce maka kalmar Turkanci ce, tana nufin runduna, kuma a sansanin sojojin Mugal, sarakunan Musulmi da suka mulki Indiya, aka haifi harshen. Wai Turkawa da Farisawa da Larabawa da 'yan ƙasa ne suka taru wuri guda, babu mai jin maganar wani, sai kowa ya tsakuro daga nasa aka haɗa, aka samu Urdu. Har laƙabi ake yi masa, lashkari zaban, wato harshen mayaƙa. Labarin yana da daɗin ji, ga sauƙin haddacewa, shi ya sa ya shiga littattafan makaranta ya zauna daram. Rabinsa na farko gaskiya ne, kalmar ta Turkawa ce. Rabi na biyun kuwa daga sunan aka ƙago shi, kuma masana harshen sun daɗe da nuna cewa ba shi da tushe.

Kalmar ba a Indiya aka haife ta ba. Gidansu shi ne filayen kiwo na tsakiyar Asiya, wajen Mongoliya ta yau, inda kakannin Turkawa suke yawo da dawaki da tumaki. A tsohon Turkanci ana cewa ordu, kuma tana nan rubuce a jikin duwatsun kwarin Orkhon da aka sassaƙa a ƙarni na 8. Sarkin makiyaya ba shi da gidan dutse. Duk inda ya kafa tantinsa, matansa da fadawansa da baitulmalinsa da dogaransa suna kewaye da shi, to nan ne ordu. In ya tashi, ordu ya tashi. Da Uigurawa suka kafa daula a wannan kwari suka gina birni, sai suka sa masa Ordu-Baliq, birnin fada ke nan, kuma ya tsaya har zuwa 840 da Kirgizawa suka rushe shi. Mahmud al-Kashgari, malamin da ya rubuta wa Larabawa ƙamus na Turkanci a shekarun 1070, ya fassara ordu da mazaunin sarki, ya ƙara da cewa ana kiran Kashgar da Ordu-kand ne saboda can sarakuna suke zama.

Mongol ma suna da ita, suna cewa ordo, har kowace babbar matar Janghis Khan tana da nata ordo da take mulka. Su ne suka yi wa kalmar jigila zuwa ko'ina. Jikansa Batu ya kafa daula a kudancin Rasha, Rashawa suka riƙa kiran ta orda, daga baya suka ƙara mata da siffar zinariya. Daga bakin Rashawa ta bi ta Poland ta shiga harsunan Turai, ta isa Ingilishi a ƙarni na 16 a matsayin horde, inda take nufin gungun mahara marasa kan gado. Wanda aka ƙona wa gari ba zai tuna da fada ba, dawakin da suka tattake shi zai tuna. Masu kalmar kuwa har gobe da daraja suke kallon ta. Fadar shugaban ƙasar Kazakistan a Astana sunanta Akorda, farar fada. A Turkiyya ta yau ordu shi ne rundunar sojan ƙasa, akwai kuma birni mai wannan suna a gaɓar Baƙin Teku.

Ma'anoni biyun duka suna cikin kalmar tun asali, fada da runduna, domin a wurin makiyayan nan abu ɗaya ne: sarki ba ya rabuwa da mayaƙansa. Abin tambaya shi ne wacce daga ciki ta yi rinjaye a Indiya a lokacin da aka laƙaba wa harshe sunan.

Farisanci ya ari kalmar tun kafin Mugal, musamman bayan da Mongol suka mulki Iran a ƙarni na 13. Sa'an nan Babur, wanda Turkancin Chagatai ne harshensa na gida, ya ci yaƙin Panipat a 1526 ya kafa daular Mugal. Zuriyarsa sun gina birane, amma ba su daina tafiya ba. Sarki yakan shafe watanni, wani lokaci shekaru, a kan hanya, kuma gwamnati gaba ɗaya ce take bin sa: waziri, alƙali, marubuta, matan gidan sarauta, 'yan kasuwa, maƙera, masu dafa abinci, mawaƙa. Abul Fazl, marubucin fadar Akbar, jikan Babur, ya bayyana tsarin wannan zango dalla-dalla, haka ma likitan nan Bafaranshe, François Bernier, da ya bi ayarin Sarki Aurangzeb zuwa Kashmir a shekarun 1660. Tantunan sarki kashi biyu ne, yana kwana a ɗaya ana can ana kafa ɗayan a zango na gaba. Kowane babban basarake yana da unguwarsa da kasuwarsa. Saboda girman wurin, mutum yakan ɓace da dare, don haka ake kafa wani dogon itace kusa da tantin sarki a rataya fitila a ƙolinsa, duk wanda ya rasa hanya sai ya nufi hasken ya jira gari ya waye. Har kuɗi ake bugawa a cikin zangon. Akwai sulallan zamanin Akbar da, a gurbin da ake rubuta sunan garin da aka buga su, aka rubuta Urdu Zafar Qarin, wato zangon da nasara ke tare da shi. Wannan shi ne urdu a bakin Mugal: babban birnin daula ne mai ƙafafu. Akwai sojoji a ciki, ƙwarai kuwa, kamar yadda akwai su a kowane babban birni.

A 1639 Shah Jahan ya fara gina sabon birni a Delhi, ya tare a 1648, aka sa masa Shahjahanabad. Shi ne tsohon birnin Delhi na yanzu, mai Jar Ganuwa da babban masallacin Juma'a. Fada ta samu wurin zama na dindindin, amma tsohon sunanta ya biyo ta. Aka ci gaba da kiran fadar da kewayenta, daga baya ma birnin baki ɗaya, Urdu-e Mu'alla, fada maɗaukakiya. Mu'alla Larabci ne, tushensa ɗaya da sunan Aliyu da kalmar ta'ala. Kasuwar da ke tsakanin ganuwar da masallacin ita ce Urdu Bazar, kasuwar fada.

Daga nan ne jimlar da ta haifi sunan ta fito: zaban-e urdu-e mu'alla, harshen fada maɗaukakiya. Kalmomi uku ne daga harsuna uku. Zaban Farisanci, urdu Turkanci, mu'alla Larabci, babu ko ɗaya na ƙasar Indiya. Kuma a lura, jimlar ba suna ba ce, bayani ne. Ba ta ce ga harshen ba, cewa kawai ta yi wanda ake yi a fada. To a ƙarni na 17 da farkon na 18, wane harshe ake yi a fadar Mugal? Farisanci. Da shi ake rubuta takardun haraji tun zamanin Akbar, da shi ake wasiƙa, da shi ake waƙar yabon sarki. Shamsur Rahman Faruqi, babban manazarcin adabin Urdu da ya rasu a 2020, ya nuna cewa Sirajuddin Ali Khan Arzu, malamin harshe na Delhi da ya rasu a 1756, ya yi amfani da wannan jimla yana nufin Farisanci. Wannan Arzu ba ƙaramin mutum ba ne: ya gano dangantakar da ke tsakanin Farisanci da Sanskrit, tsohon harshen Indiya, shekaru kafin Baturen Ingila William Jones ya yi jawabinsa na 1786 da ake ta yabo.

Abin da ya sauya shi ne fadar kanta. Daula ta raunana, Nadir Shah na Iran ya wawashe Delhi a 1739, kuma manyan birni, waɗanda da ma harshen gari suke yi a gida da kasuwa, suka fara yin waƙa da shi ba tare da jin kunya ba. A 1752 Mir Taqi Mir ya rubuta littafin tarihin mawaƙa, a ciki ya bayyana irin waƙar da suke yi da cewa waƙa ce a kan salon Farisanci amma da harshen Urdu-e Mu'alla na Shahjahanabad. A nan ma urdu wuri ne, ba harshe ba. Ko a 1808, da Insha Allah Khan ya rubuta nahawun harshen, yana kiran Delhi da urdu, har yana yi wa mutanen Murshidabad da Azimabad ba'a cewa sun ɗauki garuruwansu a matsayin urdu. Baki dai ba ya son doguwar magana. Zaban-e urdu-e mu'alla ya koma zaban-e urdu, ya koma urdu. Masana da yawa suna danganta farkon amfani da kalmar ita kaɗai a matsayin sunan harshe ga mawaƙi Ghulam Hamadani Mushafi, wajen 1780.

Ka riƙe wannan shekara, domin ita ce ke rusa labarin sansani. A 1780 babbar rundunar Mugal irin ta zamanin Akbar ta zama tarihi, ikon sarki ma ya ragu ƙwarai. Harshen kuwa ya riga ya kai shekara ɗari huɗu ko fiye ana magana da rubutu da shi, da wasu sunaye.

Amir Khusrau, mawaƙin Delhi da ya rayu daga 1253 zuwa 1325, shekara ɗari biyu kafin Babur ya taka Indiya, ya lissafa harsunan ƙasar a cikin wata doguwar waƙarsa ta 1318, ya ambaci na Delhi da kewayenta. Sunan da ya fi yawo a zamanin shi ne Hindavi ko Hindi, wato na ƙasar Hind, sai Dehlavi, na Delhi. Da Sultan Muhammad bin Tughluq ya kwashe mutanen Delhi zuwa Daulatabad a kudu a 1327, sun tafi da harshensu, can ya yi saiwa aka kira shi Dakhni, na kudu. A Gujarat aka ce Gujri. Kuma a kudun ne adabinsa ya fara bunƙasa, lokacin da manyan Delhi suke ganin ba a waƙar kirki sai da Farisanci. Muhammad Quli Qutb Shah, sarkin Golkonda da ya kafa birnin Haidarabad a 1591, ya bar cikakken diwani da Dakhni. Mulla Wajhi ya rubuta dogon labarinsa na zube, Sab Ras, a 1635. Daga kudun kuma Wali ya fito, wanda diwaninsa ya isa Delhi wajen 1720 ya farkar da mawaƙan birnin, suka ga ashe harshen da suke ciniki da shi zai iya ɗaukar gazal, salon waƙar soyayya na Farisanci.

Su mawaƙan Delhi sunan da suka fi so shi ne Rekhta, daga aikatau na Farisanci mai nufin zubawa ko warwatsawa, saboda yadda ake zuba kalmomin Farisanci a kan harshen gari. Mir da Rekhta ya san sana'arsa. Ghalib, da ya rasu a 1869, yana da sanannen baiti da yake gaya wa kansa cewa ba shi kaɗai ne gwanin Rekhta ba, an ce a da an yi wani Mir. Tarin wasiƙun Ghalib guda biyu ma kaɗai sun isa shaida a kan yadda sunayen suke tafiya kafaɗa da kafaɗa: na 1868 sunansa Ud-e Hindi, na 1869 Urdu-e Mu'alla, harshe ɗaya, marubuci ɗaya. Shah Abdul Qadir, ɗan Shah Waliyullah na Delhi, da ya fassara Alƙur'ani wajen 1790, ya ce da Hindi ya fassara shi. Hatta Muhammad Iqbal, wanda Pakistan take ɗauka babban mawaƙinta na ƙasa, a 1915, da yake bayanin abin da ya sa ya koma waƙa da Farisanci, harshen da ya ce yana da zaƙi kamar sukari amma Farisanci ya fi shi, Hindi ya kira shi. Yau in ka gaya wa wani a Lahor cewa Iqbal da Hindi ya yi waƙa, sai ya ɗauka tsokana kake yi.

To ina labarin sansanin ya samo asali? Yawanci ana bin sawunsa zuwa Kalkata. A 1800 Kamfanin Gabashin Indiya na Turawan Ingila ya buɗe kwalejin Fort William don koya wa ma'aikatansa harsunan ƙasar da suke mulka. Shugaban sashen da suka kira Hindustani shi ne John Gilchrist, likita ɗan Scotland, wanda ya riga ya wallafa nahawun harshen a 1796. Ya ɗauki marubuta 'yan ƙasa su samar da littattafan karatu masu sauƙi. Ɗaya daga cikinsu, Mir Amman na Delhi, ya rubuta Bagh o Bahar, aka buga shi a 1804. A gabatarwar ya ba da tarihin harshen yadda ya ce ya ji daga bakin manya: Timur, kakan-kakannin Babur, ya zo da rundunarsa, kasuwar rundunar ta shiga gari aka kira ta urdu, a zamanin Akbar mutane daga kowace ƙasa suka taru a fada, kowa da harshensa, sai ciniki da hulɗa suka haifar da harshe guda. Mir Amman gwanin labari ne, ba masanin tarihin harshe ba, kuma bai ko ambaci adabin kudu ba. Amma littafin nasa ya zama littafin jarrabawar jami'an Ingila shekara da shekaru, aka fassara shi, aka sake bugawa ba adadi. Kowane sabon hafsa da ya zo Indiya da gabatarwar nan ya fara, ga kuma ƙamus yana gaya masa urdu na nufin sansani. Abin dariyar shi ne, a wannan gabatarwar dai Mir Amman ya ce ya rubuta littafin ne da harshen da mutanen urdu suke yi a tsakaninsu, Hindu da Musulmi, mata da maza, yara da manya. Wannan bayanin mutanen birni ne.

Akwai hanyar gwada labarin ba tare da komawa ga tsofaffin takardu ba, ita ce duba jikin harshen. Mu Hausawa mun san kamannin harshen da aka haifa a sansanin soja, domin muna da Barikanci, Hausar da sojoji 'yan ƙabilu daban-daban suka riƙa yi a barikokin zamanin Turawa. Alamarsa a fili take: nahawu ya zube, bambancin namiji da mace ya ɓace, sai ka ji "mace ya zo", kalmomi kaɗan ne ake juya su don biyan buƙata. Urdu ba haka yake ba ko kusa. Kowane suna yana da jinsi, kuma aikatau yana bin sa: larka gaya, yaro ya tafi, larki gayi, yarinya ta tafi. Yana da matakai uku na cewa kai, tu da tum da ap, gwargwadon girman wanda kake magana da shi. Wannan tsari gado ne da ya gangaro daga Sanskrit, ta Prakrit da Apabhransha, harsunan da suka biyo bayansa, zuwa karin harshen yankin Delhi da ake kira Khari Boli. Aikatau kusan duka na gida ne: khana ci, pina sha, ana zuwa, jana tafiya. Haka wakilan suna, haka ƙidaya, ek, do, tin, haka pani ruwa, ag wuta, hath hannu, ankh ido. Da aka ƙirga kalmomin Farhang-e Asafiya, babban ƙamus ɗin da Sayyid Ahmad Dehlavi ya haɗa, kusan kashi uku cikin huɗu 'yan asalin Indiya ne.

Turkancin da ake cewa shi ne uban gayya kuwa, rabonsa bai taka kara ya karya ba. Begum, uwargida. Baji, yaya mace. Qainchi, almakashi. Qorma, wani dahuwar nama. Tamgha, lambar yabo. Da kaɗan irinsu, yawancinsu ma ta hannun Farisanci suka shigo. Da harshen sojojin Turkawa ne da ba haka ba.

Abin da Urdu ya ara da yawa shi ne Farisanci da Larabci, kuma ba ta bakin mayaƙa suka shiga ba. Ta makaranta suka shiga, ta kotu, ta ofishin haraji, ta zawiyoyin sufaye, ta waƙa. Mai kallon finafinan Indiya a Kano ko Damagaram ya sha jin su yana gane su ba tare da an fassara masa ba, domin mu ma daga rijiya ɗaya muka ɗebo: duniya ita ce duniya, khabar labari, waqt lokaci, qalam alƙalami, hisab lissafi, aql hankali. Bambancin hanya ce. Namu da yawa sun zo da al ɗinsu na Larabci a manne, nasu sun biyo ta Iran, shi ya sa za ka ji barkat inda muke cewa albarka, niyat inda muke cewa niyya. Wasu sun sauya ma'ana a tafiyar: gharib a Larabci baƙo ne, a Urdu talaka ne, aurat kuma, 'yar'uwar kalmarmu ta al'aura, ita ce kalmar yau da kullum ta mace. Abin da muke kira Indiyanci a fim, galibinsa wannan harshe na tsakiya ne da mai Urdu da mai Hindi kowa zai ce nasa ne.

Gaskiya ne cewa masana ba su haɗu a kan takamaiman mahaifar harshen ba. Hafiz Mahmud Shirani, a littafinsa na 1928, ya ce Panjab ce, tun da can Musulmi suka zauna a ƙarƙashin Gaznawiyyawa, sarakunan Ghazni ta Afghanistan, kusan shekara ɗari biyu kafin kafuwar daular Delhi a 1206. Muhammad Husain Azad ya ce daga karin harshen Braj na yankin Agra ya fito. Masud Husain Khan ya tsaya a kan karin harsunan kewayen Delhi. Wasu sun ja shi zuwa Sindh, wasu zuwa kudu, kuma sau da yawa za ka tarar mai ra'ayin ɗan yankin da yake yi wa iƙirari ne. Sai dai duk wannan jayayya a kan wace unguwa ce a cikin gida ɗaya.

Ni a ganina, labarin sansani bai daɗe haka ba don ƙarfin hujjarsa. Ya daɗe ne don kowane ɓangare ya ga amfaninsa. A kwalejin nan ta Kalkata, a lokacin da Mir Amman yake rubutu da baƙaƙen Farisanci, wani malami, Lallu Lal, yana gefe yana rubuta Prem Sagar da baƙaƙen Nagari, waɗanda ake rubuta Hindi da su, yana tsince kalmomin Farisanci da Larabci yana zubarwa. Turawa sun zo da tunanin cewa kowace al'umma da addininta da harshenta, don haka ya yi musu daidai a ce Hindu suna da Hindi, Musulmi suna da Urdu. Su ma mawaƙan Musulmi ba za a wanke su ba: tun daga Shah Hatim a tsakiyar ƙarni na 18 har zuwa Nasikh na Lakhnau, an yi ta tace harshen waƙa ana korar kalmomin gida da ake ganin na ƙauye ne. A 1837 Kamfani ya cire Farisanci daga kotuna, a arewa aka maye gurbinsa da Urdu da rubutun Farisanci. Daga nan magana ta zama ta tuwo: wanda ya iya rubutun kotu shi zai samu aikin gwamnati. A 1867 wasu manyan Hindu a Banaras suka nemi a koma Nagari, abin da ya girgiza Sayyid Ahmad Khan, wanda daga baya ya kafa kwalejin Aligarh. A 1900 gwamnan lardin da Banaras take ciki, Antony MacDonnell, ya amince a karɓi Nagari a kotu tare da ɗayan rubutun. Ƙungiyoyi suka tsaya daga biyu, ta masu kare Nagari tun 1893, ta masu raya Urdu daga 1903.

A cikin wannan ƙura, labarin sansani makami ne mai kaifi biyu. Mai goyon bayan Hindi zai ce kun ji da bakinsu, harshen mahara ne, baƙo ne. Basaraken Musulmi kuma yana jin daɗin a ce harshensa gadon masu takobi ne. Waɗanda aka manta da su su ne irin Munshi Nawal Kishore, Hindu ne, wanda maɗaba'arsa da ya kafa a Lakhnau a 1858 ta buga dubban littattafan Urdu da Farisanci da Larabci, har da Alƙur'ani. Da Ratan Nath Sarshar, da Premchand wanda da Urdu ya fara rubuta labaransa, da Raghupati Sahay da duniya ta sani da Firaq Gorakhpuri, dukansu Hindu ne masu rubutu da Urdu.

Ghalib da kansa ya bar mana abin da ya fi kowace hujja. Bayan tawayen 1857 Turawa sun rushe unguwannin da ke gaban Jar Ganuwa, har da Urdu Bazar, suka cika birnin da sojoji. A wata wasiƙa ga almajirinsa Mir Mahdi Majruh, ya koka cewa tun da babu Urdu Bazar, ina Urdu, ina Delhi, ya rantse cewa yanzu ba birni ba ne, sansani ne, bariki ne. A wurin mutumin da ya fi kowa sanin harshen, ranar da Delhi ta zama sansanin soja ita ce ranar da Urdu ya rasa gidansa. Yau akwai titi mai suna Urdu Bazar a gefen masallacin, akwai kuma kasuwannin littattafai masu wannan suna a Lahor da Karachi.

Bayan raba Indiya gida biyu a 1947, Pakistan ta ɗauki Urdu harshen ƙasa, alhali a ƙidayar 2017 kusan kashi 7 cikin 100 ne kawai suka ce shi ne harshensu na uwa. Mafi yawa Panjabi ne, sai Pashto da Sindhi. Da Muhammad Ali Jinnah, jagoran kafa Pakistan, ya je Dhaka, a Gabashin Pakistan na lokacin, wato Bangladesh ta yau, a watan Maris na 1948 ya ce Urdu kaɗai ne zai zama harshen gwamnati, Bangalawa ba su yarda ba. Ranar 21 ga Fabrairu 1952 'yan sanda suka harbe masu zanga-zanga a birnin, kuma ita ce ranar da UNESCO ta ayyana a 1999 a matsayin ranar harshen uwa ta duniya. A Indiya kuwa, inda ƙidayar 2011 ta nuna mutum sama da miliyan 50 ne Urdu yake harshensu na uwa, kuma yana cikin harsuna 22 da tsarin mulki ya lissafa, har yanzu sai an je kotu a kansa. A watan Afrilu na 2025 Kotun Ƙolin Indiya ta kori ƙarar da aka shigar don a cire rubutun Urdu daga allon ofishin ƙaramar hukumar Patur a jihar Maharashtra. Alƙalan sun ce harshe ba addini ba ne, kuma kuskure ne a ɗauki Urdu baƙo, domin a ƙasar aka haife shi.

Wani abu kuma yana faruwa a gefe. Gidauniyar da ta tara waƙoƙin Urdu mafi yawa a intanet, wadda wani ɗan kasuwa Hindu, Sanjiv Saraf, ya kafa, ba ta ɗauki sunan Urdu ba, Rekhta ta zaɓa. Tun 2015 take shirya bikin Jashn-e-Rekhta a Delhi, matasa suna cika filin maƙil. Kowane baiti a shafin nata ana iya karanta shi da rubutu uku, Nastaliq, wato salon baƙaƙen Farisanci da ake rubuta Urdu da shi, da Nagari da boko, domin da yawa daga cikin masu haddace Mir da Ghalib a Indiya yanzu ba su iya karanta baƙaƙen da mawaƙan suka yi rubutu da su ba.